Sawun Ba'ana

Ranar Talata da hantsi Alhaji Mikail ya buɗe shagon maganinsa a Moduganari, ya tarar an kwashe masa katan huɗu na Ɗan Koriya. Ba a fasa ƙofa ba, ba a taɓa aljihun tebur ba, ko ƙwayar farasitamol ɗaya ba ta yi ciwon kai ba. Kwaɗon ƙofar baya ma an mayar an kulle shi tsaf, sai ka ce ɓarawon na gudun kada wani ɓarawo ya shigo bayansa.

Shi dai Ɗan Koriya wasu 'yan dunƙule-dunƙule ne baƙaƙe masu ɗanɗanon zuma da ɗaci, a cikin jan kwali mai rubutun ruwan zinare, an zana masa wata saiwa mai ƙafa biyu kamar mutum. Takardar da ke ciki ta ce yana maganin ciwon sukari da hawan jini da ciwon hanta, har da tsufa. Abin da ya fi sayar da shi kuwa shi ne maganar da Alhaji Mikail ke maimaitawa, cewa masana'antar gwamnati ce ke yin sa a can Koriya, ba ta 'yan kasuwa ba. Mutanen da ba su taɓa yarda da tasu gwamnatin ba ko a kan ƙarfe nawa ne, sai ga su sun yarda da wata da ba su san gabas take ko yamma ba. Wasu na rantsuwa ya tashe su daga kwance, wasu na cewa alewa ce kawai mai tsada.

Kafin a jima ƙofar shagon ta cika. Kowa da nasa ɓarawon a baki, amma da aka tace magana sai ta tsaya kan Yoila mai gadi, domin shi kaɗai aka san yana riƙe da makulli bayan mai shago. Yoila baƙo ne daga kudancin Borno, ba dangi, ba wanda zai tsaya masa, don haka yanke masa hukunci bai ba kowa wahala ba. Alhaji Mikail ya ce a kira 'yan sanda. Bulama, mai unguwar, ya ɗaga hannu.

"A ba ni zuwa la'asar," in ji shi. "In ba a samu wani ba, ka kira su. A je a ce Baba Dzarma ya zo."

*

Dzarma mai bin sawu ne. A ƙauyensu, can gindin duwatsun kudu, in an sace saniya shi ake kira, ya bi ta kwana uku a kan fako har ƙofar gidan da aka yanka ta. Ana cewa tunda ya fara aikin bai taɓa yi wa ƙasa ƙarya ba: abin da ta rubuta shi yake karantawa, ko da a kan ɗan'uwansa ne. Rikici ya koro shi Maiduguri shekara goma sha ɗaya da suka wuce. Matarsa Ketura ta rasu a shekara ta biyu, 'yarsa tana Jos tana kira ranar Kirsimeti. A duk faɗin birnin aboki ɗaya ya yi, wani tela Babarbare mai suna Ba'ana, wanda kullum da yamma yakan tako har ƙofar ɗakinsa ya tsokane shi, su koma gindin darbejiyar gidan Ba'ana su yi dara. Yau kwana arba'in da uku da binne Ba'ana. Tun daga ranar Dzarma yakan wuni bai buɗe baki ba sai don ya ci abinci, kuma kewa na cin sa fiye da yadda zai yarda ya faɗa.

Bai kalli taron ba da ya iso, ya zagaya lungun baya. An yi ruwa da daddare, ya ɗauke gab da kiran assalatu, saboda haka duk abin da ke kan laka na bayan ruwa ne. Ya tsuguna. Ya daɗe a tsugune har Bulama ya yi zaton gwiwa ce ta riƙe shi.

Sawun takalmin taya ne. Na hagun an yanke masa baki don ƙafa mai kumburi ta samu wuri, a dugadugansa kuma akwai faci mai ƙusa uku. Dzarma da kansa ya kai takalmin nan wurin mai gyara bara. Ya san sawun kamar yadda ya san fuskar mai shi, domin shekara tara yana share shi daga ƙofar ɗakinsa kowace safiya.

"Me ka gani?" in ji Bulama.

"Mutum ɗaya ne. Sau biyu ya zo, sau biyu ya koma, da kaya a ka."

"Ka san shi?"

"Tukuna," in ji Dzarma. Bai yi ƙarya ba: takalmin ya sani, ƙafar da ke ciki ce bai sani ba. Ba'ana yana jan ƙafar hagu, wannan kuwa ba ya ja. Takunsa gajere ne, kuma gaban takalmin bai nutse a laka ba, alamar ƙafar ba ta cika shi ba. Sawun ya bi lungu ya hau kwalta, daga nan keken Napep da 'yan makaranta suka shafe shi.

*

An ajiye Yoila a zauren Bulama. Da Dzarma ya shiga sai ya tsaya cak, domin rigar da ke jikin Yoila ta Ba'ana ce, shuɗiya mai aljihu a gefe.

"Ina ka samu wannan rigar?"

"Sadaka ce, Baba. Ranar arba'in aka raba kayan marigayi, aka ba ni."

"Da takalmi?"

"Riga kawai."

"Miƙo ƙafarka."

Yoila ya miƙo wata ƙafa kamar faranti, wadda ko rabinta ba zai shiga takalmin Ba'ana ba. Dzarma ya tambaye shi inda yake bayan ɗaukewar ruwa. Ya rantse yana bakin shago har gari ya waye. Dzarma ya ƙura wa kantar da ke tafin hannun Yoila ido, har kallon ya ishe shi.

"Baba, kada Alhaji ya ji. Da an kira salla nakan tafi in tura kurar ruwa zuwa Mairi, in dawo kafin ya zo. Yarana huɗu. In suka kai ni ofis wa zai ba su abinci?"

"Wa ya san kana tafiya?"

"Duk wanda ke tashi da asuba. Alhaji ne kawai bai sani ba."

*

Tsallaken kwalta akwai kemis ɗin Sa'id, wani siririn saurayi mai gilashi da ya yi karatun haɗa magunguna, wanda kowa ya san ba ya ga maciji da Ɗan Koriya. Rabin waɗanda ba su zargi Yoila ba shi suka zarga. Dzarma ya duba ƙafarsa tun kafin ya gaishe shi. Ƙafar ƙarama ce.

"Na san abin da ya kawo ka, Baba," in ji Sa'id. "Da ni na ɗauka, wallahi da a tsakiyar titi zan zubar da shi da rana tsaka. Amma jiya a asibiti na kwana wurin mahaifiyata, ka tambayi ma'aikatan."

"Guba ne maganin?"

"Ban ce guba ba ne. Saiwa ce da zuma, wataƙila ya ɗan ƙara wa mutum kuzari. Gubar tana cikin takardar. Mai ciwon sukari ya karanta an ce ya warke, sai ya ajiye allurarsa. Ai abokinka ya daina zuwa sayen tasa wata biyar kafin ya kwanta. Na aika masa, ya ce ya samu wanda ya fi."

Dzarma ya dafa kanta. Bai taɓa jin wannan ba. Shi dai ya san a ƙaramar salla ta bara ya tara 'yan kuɗin gadin gonar da ya yi a Khaddamari, ya sayi jan kwali ɗaya ya kai wa Ba'ana goron salla, don ya ji ana cewa yana taimakon masu sukari. Ba'ana ya yi ta juya kwalin yana dariya, yana cewa maharbi ya zama likita. Dzarma ya fito daga kemis ɗin ba tare da ya yi sallama ba.

*

Saura mutum ɗaya da zai san wanda aka ba takalmin, wato Ya Falmata, matar marigayin. Tana cikin takaba, wata huɗu da kwana goma ba fita sai da larura, ba kwalli, ba lalle, ba turare. Sana'arta haɗa turaren wuta, kuma a da tun daga bakin layi hanci ke gaya wa baƙo ya kusa gidan Ba'ana. Ranar da aka yi rasuwa ta tattara kaskonta da kwalabenta ta kulle a ɗaki, layin ya koma warin kwata kamar kowane layi.

Yau kuwa saura gida uku ya isa, ƙamshi ya tare shi. Ba ɗan ƙamshi ba, hayaƙi ne mai kauri irin na gidan biki. Ya tsaya ya ja numfashi a hankali, irin yadda yakan yi a daji. A ƙarƙashin ƙamshin akwai ƙaurin roba da na ƙonanniyar zuma. Nan ya gane komai, kuma bai taɓa baƙin cikin gane abu kamar na wannan rana ba.

Ya yi sallama a zaure. Ta amsa daga bayan labule, yadda ta saba tun da aka yi rasuwa.

"Wushe, sannu da zuwa, Baba Dzarma. Ka guje mu."

"Ina haƙuri, Ya Falmata?"

"Haƙuri sai ma'aiki."

"Shekara goma sha ɗaya ina zaune cikinku," in ji shi. "Ban taɓa jin gidan takaba yana ƙamshi ba."

Can ta ce, "Na ɗauka zai rufe ƙaurin. Hannuna ne ya kai kan kasko tun kafin in yi tunani. Shekara talatin duk warin da ya tashi a gidan nan da shi nake korar sa."

Ba ta jira ya tambaya ba. Shagon da Alhaji Mikail ke ciki ginin Ba'ana ne, kuma makullin ƙofar baya na nan rataye a ƙusa, ba wanda ya tuna da shi, don ba a lissafa mamaci cikin masu makulli. Ta sa takalmin mijinta don kada a ga sawun mace ya fita daga gidan takaba. Ta ƙona katan huɗun a bayan madafa kafin maza su dawo daga masallaci.

"Jiya Kaltum maƙwabciyarmu ta shigo gaisuwa," in ji ta, "tana murna an kawo sabon kaya, har mijinta ya zubar da ƙwayar hawan jininsa. Ni na wanke ƙafar Ba'ana tana ruɓewa, Baba Dzarma. Wata biyu ina wankewa, turarena duka bai iya da warin ba. Da Kaltum ta fita sai na kasa zama."

"An kama Yoila. Da la'asar za a ba da shi ga 'yan sanda."

Ya ji ta ja salati a hankali. Ba ta sani ba.

"Kada ki yi komai," in ji shi. "Ki kashe kaskon nan kawai."

*

Ya koma ɗakinsa ya zauna a bakin katifa. A kan taga akwai jan kwali guda, nasa, wanda yake sha don ciwon gwiwa. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Ya bi sawu tun safe, ga shi sawun ya zagayo ya tsaya a ƙofar ɗakinsa.

In ya yi shiru, Yoila zai tafi, yara huɗu su kwana da yunwa. In ya faɗi abin da ƙasa ta rubuta, matar Ba'ana za ta zama wadda ta tsallake takaba ta je sata, kuma Moduganari ba ta mantuwa, har jikokinta sai an yi musu gori. Shi kuwa me ya rage masa? Suna ne kawai, cewa ba ya yi wa ƙasa ƙarya. Ya auna sunan, ya ga ba shi da wanda zai bar wa shi gado. Ya aika wa Bulama cewa a taru a gindin darbejiyar gidan Ba'ana, domin a nan yake so ya yi, inda ramukan dararsu suke har yanzu ruwa bai gama cike su ba.

*

Bayan la'asar aka shimfiɗa tabarmi. Bulama a tsakiya, Alhaji Mikail a damansa yana kaɗa waya, Yoila a ƙasa, Sa'id a tsaye ya harɗe hannu, 'yan unguwa sun yi musu zobe.

"Ba Yoila ba ne," in ji Dzarma. "Ƙafarsa ta fi sawun girma. Ba Sa'id ba ne, a asibiti ya kwana. Wanda ya ɗauka ya shiga da tsohon makullin Ba'ana, ya sa takalmin Ba'ana, ya ƙona kayan ƙurmus. Ni ne."

Alhaji Mikail ya daina kaɗa waya.

"Kai, Dzarma?" in ji Bulama. "Da wannan gwiwar ka ɗauki katan biyu a ka, har sau biyu?"

"Na ce ni ne. A kira su."

"Bulama."

Muryar daga zaure ta fito, daga bayan labule. Duk aka juya.

"Bulama, kada ku ji ta tasa. Ni Falmata na ɗauka, ni na ƙona, tokar tana bayan madafata, a turo mace ta gani. Fitar da na yi tsakanina da Ubangijina ne, zan nemi gafararsa. Baba Dzarma, mijina yakan ce a garin nan mutum ɗaya ya sani da in ya ce ga abin da ya faru to shi ne ya faru. Ba a ƙofar gidansa za ka fara ƙarya ba."

Mata da ke bayan taron suka fara ƙus-ƙus, kuma Dzarma ya san ƙus-ƙus ɗin nan ba zai ƙare bana ba. Ya juya ya fuskanci labulen.

"To bari in faɗi wadda ba ƙarya ba. Kwalin farko da ya shiga gidan nan ni na kawo shi. Ni na sa masa a hannu."

"Na sani," in ji ta. "Ina tsakar gida ranar. Da na ce ya koma kan allurarsa sai ya ce abokinsa ba zai kawo masa abin da zai cuce shi ba. Da ƙafar ta fara kuwa, ya sa na rantse ba zan gaya maka ba. Ya ce in ka ji, kunya za ta hana ka zuwa dara, shi kuma ba shi da wani abokin wasan."

Dzarma ya zauna a kan tushen darbejiyar, a wurin da ya saba zama, ya kafa wa ƙasa ido.

Alhaji Mikail ya miƙe ya ce shi bai ce kowa ya bar maganin asibiti ba, kuma mahaifiyarsa na shan Ɗan Koriya ga ta nan shekara tamanin da bakwai. Sa'id ya ce ai kafin ta fara sha ma ta kai tamanin da biyar. Bulama ya tsawatar musu.

"Alhaji, in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Ka kira 'yan sanda in kana so, ba zan hana ka ba. Amma in sun zo za su tambayi mace mai takaba dalilinta, ta faɗa musu, daga nan su tambaye ka takardar izinin sayar da abin. Kana da ita?"

Alhaji Mikail ya dubi wayarsa, ya dubi labulen, ya sa wayar a aljihu. Ya ce zai yi shawara, ya kaɗa babbar riga ya tafi. Aka sallami Yoila, ya tashi yana ta godiya bai san ma wa yake yi wa ba. Mijin Kaltum ya ja Sa'id gefe yana tambayarsa wani abu ƙasa-ƙasa. Sauran suka watse biyu-biyu, kowa da abokin maganarsa, wasu na cewa maganin banza ne, wasu na cewa kwanan Ba'ana ne ya ƙare.

Dzarma kaɗai ya rage. Da ya yunƙura zai tashi, sai ya ga labulen ya motsa daga ƙasa, an turo takalmin taya guda biyu, an wanke musu laka.

"Ranar arba'in na kasa ba da su," in ji muryar. "Na san ba na sadaka ba ne. Ka tafi da su."

Ya cire nasa ya riƙe a hannu, ya zura ƙafa cikin na Ba'ana. Sun yi masa daidai. Ya tsallaka kwalta, ya bi lungu a hankali saboda gwiwa, bai gamu da wanda ya tsayar da shi ba. Da ya isa ɗakinsa ya sa makulli, sai al'adar aiki ta sa ya waiwaya ya dubi ƙasa. Ga sawun nan a kan danshi, mai faci da ƙusa uku, har da ɗan jan ƙafar hagu, ya taho tun daga bakin lungu ya tsaya a ƙofarsa kamar kowace yamma.

Tsintsiya na jingine a inda take kullum. Washegari da safe ya share ko'ina a ƙofar ɗakin, ya bar wurin sawun bai taɓa shi ba.